Zan gina gidan ƙasa, ta ina zan fara?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Allah ya hore mini fili, kuma na ƙudura a raina ɗaki uku da falon da zan yi na ƙasa za su kasance. Zafin ɗakin bulo da kwano ya ishe ni, dare ya raba amma bango na ta huci kamar tanda. Sai dai duk wanda na gaya wa sai ya ce damina biyu ginin zai zube. Masu sani, don Allah ku ba ni shawara: wace ƙasa, wane irin gini, me zan kiyaye?

Baba Magini: Wa alaikumus salam. Yaro, masu ce maka zai zube sun ga wanda ya zube ne, ba su tsaya sun duba ta inda ya fara ba. Ni tun ina ɗauko wa mahaifina kwaɓi nake wannan aiki, kuma duk bangon da na ga ya faɗi, ko dai gindinsa ya sha ruwa ko kansa. Kafin a zo nan, ka fara da ƙasar. Kada ka taɓa ta sama, baƙar da shuka ke so, tana da saiwa da ruɓaɓɓen ganye, gara ma na bin ta. Ka haƙa sai launi ya canza. Ka jiƙa kaɗan, ka mulmula ta kamar igiya mai kaurin babban yatsa, ka riƙa turo ta daga gefen tafin hannu. In ta karye tun ba ta yi tsawon yatsa ba, yashi ya yi yawa. In ta yi ta tafiya har ta wuce tsawon tafin hannu ba ta karye ba, yumɓu ya yi yawa, za ta tsattsage in ta bushe.

Injiniya: Allah ya ƙara girma, Baba. Ga ƙari a kan gwajinka. Malam, ka samu kwalba mai faɗin baki, ka zuba ƙasar zuwa kashi ɗaya cikin uku, ka cika da ruwa, ka girgiza sosai ka ajiye. Tsakuwa da yashi za su kwanta cikin minti ɗaya, ƙasa mai laushi kamar gari ta biyo baya, yumɓu kuwa sai ya kwana ko ya fi. Sai ka auna kaurin kowane layi. Abin da ake nema shi ne yashi ya rinjaya, yumɓu ya tsaya wajen kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari. Yumɓu ne ke riƙe ginin, amma shi ne kuma ke kumbura da ruwa ya tsuke da rana. Idan ya yi yawa, a ƙara yashi. Kuma kada ka yarda da kwalba kaɗai: ka buga bulo biyar-biyar da haɗi daban-daban, ka sa musu alama, su bushe, ka ga wanda ya tsage da wanda ya ƙi karyewa in ka sake shi daga tsawon ƙugu.

Mai Tambaya: Na gode ƙwarai. To bulon fa? Na ga ana maganar wanda inji ke matsawa.

Injiniya: Hanyoyin da suka fi yaɗuwa uku ne. Akwai bulon laka da ake bugawa da ciyawa a shanya a rana. Akwai bangon daɓe, a kafa alluna biyu a zuba ƙasa mai ɗan danshi a kirɓa ta layi-layi. Sai bulon matsi. Injin hannu da ya yi suna a wannan fanni, CINVA-Ram, wani injiniya mai suna Raúl Ramírez ne ya ƙirƙira shi a Bogota ta ƙasar Kolombiya cikin shekarun 1950, kuma har yau yawancin na hannu tsarinsa suke bi. Ni bulon matsin nake ba da shawara, a haɗa da siminti kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari. Bulon yakan fito da kusurwa tsaf, ba lallai a yi masa filasta ba. Sharaɗinsa ɗaya da mutane ke yawan karyawa: in akwai siminti a ciki, ba a shanya shi a rana. A jera shi a rufe da leda, a riƙa yayyafa ruwa, kuma a ba shi kwana 28 kafin a hau gini.

Ɗalibar Zanen Gini: Yallabai Injiniya, a yi mini afuwa, a nan ina da ja. Sarrafa siminti na fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke fitarwa. Bangon ƙasa ya fi na bulon siminti kauri, kuma ba shi da rami a ciki, don haka simintin da ka ce a haɗa ɗin nan in aka tara shi a gida guda ba kaɗan ba ne. Sannan ƙasar da aka haɗa da siminti ta tashi daga aiki, ba a sake jiƙa ta a gina wani abu. Bulon laka zalla kuwa ko bayan shekara ɗari ana farfasa shi a sake kwaɓawa. Idan ana son gida mai ɗorewa wanda bai cuci muhalli ba, a sa siminti inda ruwa ke taɓawa kawai: harsashi, layukan ƙasa, banɗaki. Sauran a bar ƙasa yadda take.

Injiniya: Maganarki tana kan hanya, ƙanwata, kuma bangon cikin gida na bar miki shi gaba ɗaya. Na waje da ke fuskantar inda ruwa ke bugowa ne nake tsoro. Idan kuma ƙasar mai yumɓu ce sosai, siminti ma ba ya kama ta da kyau, farar ƙasa ta gini, wadda ake samu daga ƙona dutse, ta fi dacewa, sai dai ta fi jinkirin ƙarfi.

Hajiya Mai Soro: Ni ba injiniya ba ce, amma shekara 11 ke nan ina cikin gidan ƙasa, bari in faɗi abin da ya same ni don kada ya sami wani. Da aka gama ginin na ce a yi masa filastar siminti ta waje, don ya yi kyau kuma in huta da yaɓe. Maginin bai hana ni ba. Shekara ta uku sai na ga 'yar tsaga kamar zare. Ashe ruwa na shiga ta nan, kuma simintin ya hana shi fita. Ka ƙwanƙwasa bango ka ji yana amsawa kamar ƙwarya. Wata rana da asuba faifan filasta guda ya ɓalle ya faɗo, ƙasar bayansa ta zama taɓo, hannu na shiga. Raina ya ɓaci sosai, don a ɗakin yara ne. Muka ɓamɓare duka, aka bar bango ya sha iska har ya bushe, aka yi yaɓen ƙasa aka bi da farar ƙasa. Tun daga nan ban sake ganin danshi ba. Ƙanena, duk wanda ya ce ka shafa wa ƙasa zalla siminti ko fentin mai, ka ce masa a'a.

Baba Magini: Hajiya ta gama magana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, abin da za ka shafa mata dole ya bar ta ta yi hakan. Yanzu gindi. Ka yi harsashi da dutse ko kankare ko jan bulo da aka gasa, ka ɗaga shi ya wuce ƙasa da kamu biyu, ka shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta a kai, sannan ka ɗora bulon farko. In ba ka yi haka ba danshi zai hau daga ƙasa ya zo da kanwa, ka ga gindin bango yana zuba kamar gari. Ka gyara filin ya gangara daga jikin gini. Kada a shuka fulawa a jikin bango, kada a bar bakin famfo ko ruwan wanke-wanke kusa. In soro ka yi, indararo ya yi tsawo ya jefa ruwa nesa, kuma ka hau ka duba shi kafin ruwan farko, kowace shekara.

Ɗalibar Zanen Gini: Wannan duba na shekara-shekara shi ne sirrin duk tsofaffin gine-ginen da ake misali da su. Babban masallacin Jenne a Mali, ginin da ke tsaye yanzu na 1907 ne, kuma kowace shekara jama'ar gari ke fitowa su yaɓe shi. Itatuwan da ke fitowa daga jikinsa ma matakala ce ta masu yaɓe. A Shibam ta Yaman akwai benayen laka masu hawa biyar zuwa sama, wasu sun shekara ɗaruruwa, ana shafe rufinsu da gindinsu da farar ƙasa. Abin da ya yi musu ɓarna a 2008 ambaliya ce, wato dai ruwa a gindi.

Mai Tambaya: To ni ma'aikaci ne, ba lallai in samu sukunin yaɓe duk shekara ba. Akwai rufin da zai rage mini wannan?

Ɗalibar Zanen Gini: Akwai, Yaya. Ka nemi hoton makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso, wadda mai zanen gini Francis Kéré, ɗan garin, ya gina a 2001. Bangon bulon matsi ne, silin ɗin ma na bulo, sai aka ɗaga rufin kwano sama a kan ƙarafa, ya fito sosai ta kowane gefe. Kwanon na tare ruwa da rana, iska na ratsawa tsakaninsa da silin ta kwashe zafi. Mutumin ya ci kyautar Pritzker, babbar kyautar zanen gini ta duniya, a 2022, shi ne ɗan Afirka na farko da ya samu. A gida ko ba ka yi irin wannan ba, ka bar bakin kwano ya fito aƙalla santimita 60, ka yi baranda ta ɓangaren da ruwa ke bugowa.

Malam Mai Bishiya: Ni kuma ina roƙon a duba rufin da ba ya cin itace ko kwano. Akwai tsohuwar dabarar mutanen Nubiya, na kudancin Masar da arewacin Sudan, ta ɗaure rufi kamar baka da ƙananan bulon laka, kowane layi na jingine da na bayansa, ba a kafa masa katako a ƙasa. Hassan Fathy, mai zanen gini ɗan Masar, ya yi aiki da ita a ƙauyen Sabuwar Gurna kusa da Luksor a ƙasarsu cikin shekarun 1940, kuma tun 2000 wata ƙungiya mai suna La Voûte Nubienne ke koyar da magina ita, daga Burkina Faso ta bazu zuwa maƙwabta. Faɗin ɗaki bai wuce mita uku da 'yan kai ba, tsawo kuwa yadda kake so. Ana shimfiɗa leda a kai a rufe ta da ƙasa. Gaskiya wurin da ruwan sama ba shi da yawa ta fi dacewa da shi, kuma rufin na tura bangon gefe waje, don haka sai bango mai kauri da maginin da ya koya a hannun gwani. Kada a gwada daga kallon bidiyo.

Injiniya: Na goyi bayan wannan gargaɗi. Abu biyu kafin in tashi. Na ɗaya, sanyin da kake nema daga kauri yake zuwa. Bango mai santimita 30 zuwa 40 na riƙe zafin rana ya jinkirta shi awanni da yawa, sai dare ya fito da shi. Idan ka kulle tagogi da dare, zafin a ɗaki zai sauka. Ka yi tagogi masu kallon juna, da ƙananan ƙofofin iska can sama kusa da silin. Na biyu, ka ɗaure kan bangon duka da linta ta zagaye, ta kankare da rodi ko ta katako mai ƙarfi, rufi ya zauna a kanta. Ƙofa da taga su nisanci kusurwa da kamar mita ɗaya. Ga duk wanda yake yankin girgizar ƙasa kuma, wannan magana ta rai ce: girgizar Bam a Iran a Disambar 2003 ta kashe mutum fiye da 26,000, da yawansu a ƙarƙashin rufin ƙasa mai nauyi da bangon da ba a ɗaure ba. Ƙasar Peru tana da dokar ginin ƙasa, E.080, da ta tanadi a ƙarfafa bango da raga ko igiya. Sannan ka kai zanenka hukumar da ke ba da izinin gini tun kafin ka buga bulo ɗaya.

Hajiya Mai Soro: A ƙara da wayar wuta da bututun ruwa. Na wuta a sa shi tun ana gini. Na ruwa kuwa ni dai a waje na bar shi, inda ido zai gan shi in ya fara yoyo.

Mai Tambaya: Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da na tsayar: harsashin dutse, bulon matsi mai siminti kaɗan a bangon waje, bulon laka zalla a ciki, rufin kwano ɗagagge da baranda. Ranar Asabar zan haƙa rami uku a filin in yi gwajin kwalba, in turo hoto.

Baba Magini: Madalla. Ka haƙa ɗaya a inda ruwa ke kwanciya in an yi ruwa, ka gaya mini zurfin da ka kai kafin ka ji danshi. Kuma bulon gwajin a inuwa za ka fara ajiye su kwana biyu, ka kifa su a gefe, sannan su ga rana.