Zan koma Guangzhou, ba na son in sake ƙarewa a kan garin kwaki

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yadi da labule nake sayarwa a Kantin Kwari, kuma bara na fara taka ƙasar Chaina. Kwana 11 na yi a Guangzhou, amma wallahi in ka ce in faɗa maka ɗanɗanon abincin garin, ka kama ni. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari na tafi da su, sai burodi da shayi. Daga otal sai kasuwar yadi ta Zhongda, daga kasuwa sai otal. Da na dawo uwargida ta ce in ba ta labarin ƙasar, na rasa abin cewa sai tsayin benaye.

Yanzu zan koma ƙarshen Oktoba don baje kolin Canton (tsohon sunan Guangzhou ke nan), kashi na uku da ake fito da yadi da tufafi. Mai masana'antar da nake sayen kaya wurinsa ya ce wannan karon sai ya kai ni cin abincin dare, shi da iyalinsa. Ba Musulmi ba ne. Ina tsoron in ci haram, ina kuma tsoron in ƙi ci ya ga na raina shi, ciniki ya lalace. Sannan ina da kwana biyu da babu aiki a cikinsu. Waɗanda suka san garin, me zan ci, ina zan je, kuma yaya zan yi da wannan gayyata?

Tsohon ɗan hanya:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ka ba ni dariya, domin ni ma haka na yi a zuwana biyu na farko. Zama da yunwa a Guangzhou kamar zama da ƙishirwa ne a bakin rijiya. Garin nan cike yake da abincin Musulmi.

Abu na farko, ka ajiye hoton waɗannan haruffa biyu a wayarka: 清真. Suna furta su kamar "cing-jan", ma'anarsu halal. Kada ka tsaya neman rubutun Larabci, a wurare da yawa an cire shi daga allunan shaguna. Inda ka ga haruffan nan, galibi a kan koren allo, ga mai shago da farar hula, matarsa da ɗankwali, to ka shiga. Yawancinsu 'yan ƙabilar Hui ne da suka zo daga arewa maso yammacin ƙasar, can wajen Gansu da Qinghai, kuma taliyar Lanzhou suke yi. A gabanka za a ɗauki curin ƙullu a yi ta ja ana ninkawa har ya zama zare-zare, a tsoma a tafasasshen ruwa, a zuba romon naman sa da jan mai mai yaji. Ranar da na fara gani sai da na manta da yunwar, na tsaya kallo kamar ɗan ƙauye a tasha. Akwai irin shagunan nan kusan kowace unguwa, ba su da tsada, kuma hotunan abincin na manne a bango, nuni kawai za ka yi.

Idan ka yi kewar gida, hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 5 ka sauka a Xiaobei. Nan ne matattarar 'yan Afirka da Larabawa. Ka nemi gidan abincin 'yan Uigur, wata ƙabilar Musulmi ta yammacin ƙasar: gasasshen naman rago a tsinke kamar tsirenmu amma ba ƙuli, gurasarsu da suke kira nan, da shinkafa da karas da naman rago wadda ba ta da maraba da dafa-duka.

Sai gargaɗi: kada ka ce za ka yi guzurin kilishi ko dambun nama. An hana shiga da nama ƙasar, in kwastan suka gani za su karɓe.

Hajiya mai kayan ɗaki:
Ɗana, ni Foshan nake zuwa sayen kujeru da gadaje, kuma an gayyace ni irin wannan cin abinci ba sau ɗaya ba. Kada ka ƙi zuwa. A wurinsu a kan teburi ake ƙulla amana. Wanda kuka ci abinci tare da shi ba ya yi maka kallon baƙo kuma, har farashi yakan sauka.

Kuskuren da mutanenmu ke yi shi ne su yi shiru sai an cika teburi, sannan su fara ture kwano. Wannan ne yake ba mai gida kunya a gaban mutanensa. Tun yanzu ka aika masa saƙo ta WeChat, manhajar hira da suke amfani da ita a waya: kai Musulmi ne, ba ka cin alade ko kitsensa, ba ka shan giya, kuma za ka ji daɗi in ya zaɓi wurin cing-jan. Ba za su ji haushi ba, sun san Musulmi, akwai su miliyoyi a ƙasarsu. Akwai ma wani tsohon gidan abincin Musulmi a titin Zhongshan na shida, Huimin Fandian, inda ake girkin 'yan Canton na asali amma da naman halal. Ka ambata masa, zai san wurin.

In kun zauna za ka ga kowa yana ɗauraye kofinsa da kwanonsa da ruwan shayi mai zafi, ya juye a wata roba. Ba raina tsabtar wurin ba ne, al'adar yankin ce, kai ma ka yi. In an zuba maka shayi, ka ɗan ƙwanƙwasa teburi da yatsu biyu, godiya ke nan. Kada ka soke tsinkayen cin abinci a tsaye cikin shinkafa, yana kama da turaren da suke kunna wa matattu. In tsinkayen sun gagare ka, nemi cokali, babu wanda zai yi maka dariya. Mai gida zai riƙa ɗebo abinci yana sa maka a kwano, girmamawa ce. Kuma kada ka yi gardamar biyan kuɗi da gaske. Ka miƙa hannu aljihu sau ɗaya, zai hana ka, ka bar shi.

Tsaraba kuwa, ka kai masa wani abu na gida: hula zanna, ko jakar fata, ko rinin Ƙofar Mata. Ka miƙa da hannu biyu. Ban da agogon bango. A harshensu "ba da agogo" yana fita daidai da raka mutum kabari.

Malam daga Zariya:
Hajiya ta yi bayani mai kyau, Allah Ya saka. Amma akwai inda nake son a ƙara nauyi. Ba alade kaɗai ba ne matsalar. Kaza da naman sa a gidan abincin da ba na Musulmi ba, ba ka san yadda aka yanka su ba. Kuma hadisi ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya. Su kuwa liyafar kasuwanci da wuya ta tashi ba a kawo farar giyar nan tasu ba. Saboda haka kada saƙonka ya tsaya a kan "ba na sha", ka roƙe shi kada a kawo ta teburin gaba ɗaya. In ka ga abin zai yi wuya, ka nemi a mayar da shi abincin rana.

Ɗalibi a Wuhan:
Allah Ya gafarta Malam, shawarar abincin rana ta yi daidai, ko kuma shayin safe da suke kira yam-ca, wanda shi ne ainihin al'adar Guangzhou: iyali su zauna da butar shayi, ana kawo 'yan ƙananan abinci cikin kwandunan gora. Sai dai a wurin da ba na halal ba kusan rabinsu da alade a ciki, har wanda aka ce na jatan lande ne yakan zo da kitsensa. Ko kifi da ganye ma a yi hattara, suna da giyar girki da suke yayyafawa a tukunya kamar yadda muke jefa magi. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne kifin da aka turara da citta da lawashi, ka ce kada a sa giyar girki. Shi ne ma abin alfaharin masu girkin Canton. Kuma ɗaga kofin shayi a madadin giya lokacin gaisuwa abu ne sananne a wurinsu, ba baƙon abu ba.

Kwana biyun nan kuwa, in Juma'a ta faɗo ciki ka dace. Je ka masallacin Xianxian kusa da lambun Yuexiu. Za ka ga Hui da Uigur da Larabawa da 'yan Pakistan da namu a sahu ɗaya. A harabar akwai kabarin da Musulmin Chaina ke cewa na Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne. Sannan masallacin Huaisheng, kusa da tashar Ximenkou a layi na 1, yana cikin mafi tsufa a ƙasar. Gininsa irin na Chaina ne, mai rufi mai lanƙwasa, amma hasumiyarsa doguwa ce zagayayya, sumul ba ado, ta fi mita 30. Da dare ka shiga jirgin ruwan yawo a kogin Lu'ulu'u ka ga hasumiyar Canton mai mita 600 tana sauya launi. Fasfonka ya kasance a jikinka kullum, kuma ka haɗa Alipay, manhajarsu ta biyan kuɗi, da katinka na banki tun kana gida, don har mai sayar da lemo a titi da waya ake biyansa.

Malam daga Zariya:
Gyara kaɗan, ɗana. Abin da malaman tarihinmu suka tabbatar shi ne Sa'adu, Allah Ya ƙara masa yarda, a Aƙiƙ kusa da Madina ya rasu, aka binne shi a Baƙi'a. Wancan labari ne da mutanen garin suka gada. Alhaji ya je ya yi sallarsa, ya gaisa da 'yan'uwa, ya yi wa magabatan da ke kwance a wurin addu'a.

Ɗan Kwari:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na tura masa saƙon jiya bayan isha'i kamar yadda Hajiya ta ce, har da batun giyar. Da asuba na tarar da amsa: ya ce ya san gidan abincin na Zhongshan, rabonsa da shi tun yana yaro, kuma za mu je da rana. Wai har yana tambaya ko ina cin agwagwa. Na ba da ɗinkin hula. Sauran abu ɗaya, Hajiya: matar tasa fa, me ya dace in kai mata, kuma in ta miƙo mini hannu yaya zan yi?

Hajiya mai kayan ɗaki:
Kai mata man kaɗanya mai kyau da ɗan rini na mayafi. Hannu kuwa, riga ta: riƙe tsarabar da hannu biyu, ka ɗan sunkuyar da kai ka miƙa mata. Gaisuwa ta cika ke nan a wurinsu. Garin kwakin ma ka ɗauki mudu ɗaya, saboda daren da za ka sauka.