Soson iskar babur: a shafa masa mai ko a mayar da shi a bushe?

Mai Jan Babur: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni har gobe ina kan bakana, shafa wa soson iska baƙin mai cutar inji ne. Ciro shi, wanke da fetur, matse, kafin ka share akwatin ya bushe, ka mayar. Da ka murɗa totur za ka ji mashin ya buɗe. Amma ka jiƙa shi da mai, ƙura ta manne ta toshe shi, sai shan fetur da nauyin tashi. Mai hujja ya kawo.

Tsohon Bakanike: Wa alaikumus salam. Ƙanena, mannewar ƙurar da kake kuka da ita ai ita ce aikin da aka ɗauki soson ya yi. Ɗaga busasshen soso ka kalli rana ta cikinsa, za ka hango haske. Ramukan nan suna tare ciyawa da tsakuwa, amma ƙura mai laushi ratsawa take yi. Man ne yake cafke ta. In kana so ka gani da idonka, cire soson ka zura yatsa cikin robar da ta haɗa akwatin iska da kafireto, wato inda fetur da iska suke gauraya. In ka ji ƙuzur-ƙuzur tsakanin yatsunka, to irinsa ya riga ya shige silinda. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen ringi tauri, goge shi take yi a hankali. Ranar da salansa ta fara fitar da shuɗin hayaƙi, baƙin mai yana raguwa ba tare da yoyo ba, aikin gama ya gama.

Mai Jan Babur: Baba, na ji. To ƙarfin da nake ji fa? Ba mafarki nake yi ba.

Malamin Fasaha: Ba mafarki ba ne, Malam, amma a duba daga ina ya zo. Don fetur ya ƙone sarai, kowane kilo 1 nasa yana buƙatar iska wajen kilo 14.7. In aka juya lissafin, lita ɗaya ta fetur tana tafiya da iska kusan lita 9,000, kuma duk ta cikin ɗan soson nan za ta bi. Kafireto an saita shi ne da soso mai ɗan mai a jiki. In soson ya toshe, iska ta ragu, fetur ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi ƙirin, mashin ya riƙa shaƙewa. In ya bushe ko ya yage, iska ta yi yawa, ƙara ta ƙaru, inji ya riƙa ɗaukar zafi fiye da kima, bakin fulogi ya yi fari fat. Wanda ya cire toshasshen soso ya sa busasshe dole ya ji sauƙi. Da ya kwatanta da soso mai tsabta da aka shafa wa mai daidai, da ƙyar zai ji bambanci.

Mai Doguwar Hanya: Ni ina bayan mai jan babur ta wani ɓangaren. Na sha ganin an tsoma soso a baƙin mai an mayar da shi yana ɗiga, man ya taru a gindin akwatin, mashin ya ƙi tashi sai da turi. Wannan gyara ne? Kuma maganar fetur, ai shi ne a hannu. Zare tiyo kawai za ka yi.

Tsohon Bakanike: Wanda ya mayar da soso yana ɗiga bai iya ba ne, ɗan'uwa, laifin ba na mai ba ne. Kaɗan ake zubawa, a cuɗa har launin ya game ko'ina, sannan a naɗe a tsumma mai tsabta a matse. Matsewa, ba murɗawa ba, murɗawa yaga shi take yi. In ka taɓa ka ji danƙo amma bai ɗiga ba, ya yi. Akwai mai na musamman na soso wanda ya fi danƙo, in babu shi baƙin mai sabo yana yi, ban da wanda aka juye daga inji. Fetur kuwa ban yarda ba ko kaɗan. Yana cin gam ɗin da aka haɗa bakin soson da shi, wata rana ka ciro ka tarar ɗinkin ya buɗe. Kananzir ya fi, ko ruwan ɗumi da sabulu, amma a bar shi ya bushe sarai a inuwa kafin a sa mai.

Malamin Fasaha: Ga kuma wuta. Tururin fetur yana kamawa ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, kuma ya fi iska nauyi, bin ƙasa yake yi har ya tarar da garwashi ko guntun sigari. Kananzir sai ya kai wajen digiri 38 a ma'aunin Salshiyas yake fitar da tururin da zai kama. Sannan a kula, duk wannan zance na soso ne. Mai filtar takarda kada ya wanke, kada ya shafa mai. Kakkaɓewa ake yi, in ta yi baƙi a canza.

Ɗan Koyo: Oga, ku gafarce ni in shigo da tanki. An ce mini kada in taɓa juya makunnin mai zuwa rizaf, wato ragowar fetur na ko-ta-kwana, wai duk dattin tanki a ƙasa yake. Gaskiya ne?

Mai Jan Babur: Ni kullum a rizaf nake yawo, ban ga abin da ya same ni ba.

Tsohon Bakanike: Yaro, rabin gaskiya aka ba ka. Makunnin yana da baki biyu cikin tanki, dogo da gajere. Rizaf shi ne gajeren, daga gindi yake sha. Ruwa ya fi fetur nauyi, can yake kwanciya tare da garin tsatsa. Wanda bai taɓa juyawa ba yana tara su ne, ranar da mai ya yanke masa a hanya ya juya, sai kafireto ya sha ruwa. Shi ya sa nake cewa a riƙa juyawa jefi-jefi ana tafiya da shi. Kuma a ƙarƙashin makunnin yawancin mashina akwai ɗan ƙoƙo, rufe mai ka kwance shi ka zubar da abin da ya taru. Gindin kafireto ma akwai sukurun tsiyaye shi. Tara a kwalba mai haske, za ka ga ruwan ya ware a ƙasa.

Mai Doguwar Hanya: To ashe mai yawo a rizaf bai yi laifi ba ke nan.

Malamin Fasaha: Matsalarsa daban ce. Tankin da kullum babu fetur sosai, iska ce cike da shi, iska kuma tana ɗauke da laima. Dare ya yi, ƙarfe ya huce, raɓa ta sauka a bangon tanki ta ciki. Daga nan tsatsa take farawa. Mashin da za a ajiye na wani lokaci gara a cika tankinsa. In tsatsar ta riga ta huda shi, don Allah kada a kai wa tanki walda don an juye man. Tururin da ya saura a ciki shi ne mai fashewa.

Mai Jan Babur: Na yarda da batun walda da na kananzir. Na shafa mai kuwa sai na zura yatsa a robar nan tukuna, in na ga ƙura zan dawo in faɗa.

Tsohon Bakanike: Madalla. In za ka gwada, goge cikin robar tas da farin tsumma kafin ka mayar da soson, don ka san ƙurar da za ka tarar sabuwa ce. Ka kuma duba leɓen soson ya zauna daidai a mazauninsa, ka shafa masa ɗan giris zagaye, don in akwai kafa a gefe iska ta nan za ta bi ta bar soson.