Wane makunnin furesha zan sa wa boilar shinkafa?

Zauren Masu Injina da Masu Gyara na Zazzau

Alhaji Sani, Dakace: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Boilar da muke turara shinkafa da ita ɓuntu take ci, muna aiki a kan bar 7 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin furesha), farantin jikinta kuma bar 10 aka rubuta. Makunnin furesha ɗaya ne a jikinta tun da aka kawo ta, shi ke tsayar da fanka idan tururi ya kai, ya sake tayar da ita idan ya sauka. Shekaranjiya allurar geji ta haura 8 fanka na ta gudu, sai da yaro ya ruga ya kashe da hannu. Na tsayar da aiki, ga shinkafar mutane jibge. Wane iri zan saya, kuma a ina?

Malam Idi mai lantarki, Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, Alhaji. Kafin ka kashe ko sisi, a bari boilar ta huce tsaf, a kwance makunnin, a zura waya cikin murɗaɗɗen bututun da yake zaune a kai. Sau tari makunni lafiyarsa ƙalau, laka da gishirin ruwan burtsatse ne suka toshe masa hanya, tururi na hawa shi bai sani ba. Idan ka ɗaura sabo a kan toshasshen bututu, ka sayi abin ado ne kawai.

Alhaji Sani: To ai bututun ma miƙaƙƙe ne, Malam Idi, babu wani murɗi.

Malam Idi: Ashsha. To ga ciwon nan. Wannan murɗin ruwa yake tarewa a cikinsa, ruwan ne ke tsayawa tsakanin tururi da cikin makunnin. Tururi a bar 7 zafinsa ya kai wajen digiri 170. Idan yana dukan makunni kai tsaye, dafa shi yake yi a hankali. Kuma duk wanda zai ɗaura sabo, ya fara cika murɗin da ruwa.

Garba mai kwamfuresa, Sabon Gari: Alhaji ina da Condor, ɗan Jamus, irin wanda muke sa wa kwamfuresar masu faci da masu fenti. Yana kaiwa bar 11, ga arha. In turo yaro da shi?

Injiniya Bashir, Samaru: Garba, Condor kaya ne mai kyau a inda aka yi shi dominsa, wato iska. Fatar robar da ke cikinsa ba ta tururi ba ce, a bar shi a kan kwamfuresa.

Ranka ya daɗe Alhaji, ni abin da ya tayar mini da hankali ba lalacewar makunnin ba ne, kasancewarsa shi kaɗai. Wanda kake da shi na aiki ne, yana kunnawa yana kashewa wuni guda, dole wata rana ya gaji. Abin da ke cikinsa ba wani sihiri ba ne: wani ɗan gwangwani ne mai naɗe-naɗe da furesha ke turawa, sifirin na danne shi ta sama, idan furesha ya fi ƙarfin sifirin sai ya taɓa ɗan maɓallin lantarki. Sifirin na saki, gwangwanin na tsagewa, bakin maɓallin kuma tartsatsi na iya narkar da shi ya manne. Idan ya manne, fanka ba ta tsayawa, kamar dai yadda ka gani.

Saboda haka biyu za ka saya. Na farko na aiki, a saita shi 7. Na biyu na tsaro, a saita shi wajen 8, kuma lallai ya zama mai riset na hannu, wato idan ya yanke wuta ba ya mayarwa da kansa ko da furesha ya sauka, sai mutum ya zo ya duba dalili ya danna. A sama da su kuma ga bawul ɗin tsaro mai sakin tururi waje idan ya yi yawa, wanda ba a yarda saitinsa ya wuce abin da ke kan faranti ba. Kowanne da bututunsa in da hali, don kada toshewa ɗaya ta makantar da su duka.

A kan iri, Danfoss RT 116 yana ɗaukar bar 1 zuwa 10, ya isa na aiki. Na tsaro ka tambayi jerin BCP na kamfanin, don boila aka ƙera su, ka ce mai riset kake so. Idan Honeywell ka samu, L404F na aiki ne, L4079 na tsaro, amma su da psi aka rubuta ma'auninsu, a tuna bar ɗaya psi 14.5 ne, kada mai saiti ya ruɗe.

Malam Idi: Na goyi bayan RT saboda akwatinsa a rufe yake ruf. Ƙananan nan na Danfoss da ake ce wa KP suna da sauƙin kuɗi amma ƙura na shiga, kuma kun san ƙurar ɓuntu, ga hunturu na tafe. Sannan wajen haɗa waya: kada a ɗora wa makunni nauyin motar fanka kai tsaye, kwayil ɗin kontakta, wato babban maɓallin da ke ba motar wuta, kawai zai riƙe. A bi ta bakin da yake a haɗe lokacin da komai ke lafiya, ta yadda ko ɓera ne ya ci waya, injin tsayawa zai yi.

Baba Lawal, Wusasa: 'Ya'yana, duk abin da kuka faɗa haka yake, amma ku saurara wa tsoho. Na yi rayuwata a gaban boilar masaƙa a Kaduna. Can baƙin mai muke ƙonawa, makunni na yankewa wuta ta mutu nan take. Boilar Sani ba haka take ba. Ɓuntu ne. Ka tsayar da fanka, garwashin na nan jajir, bulon murhu ya ɗau zafi, allura za ta ci gaba da hawa na ɗan lokaci. To makunnin nan na biyu kada aikinsa ya tsaya ga fanka: ya tsayar da abin da ke zuba ɓuntu, ya buga jiniya mai ƙarar da za a ji har bakin get, don mutum ya zo ya rufe ƙofar iska ya janye wuta. Kuma kada a haɗa famfon ruwa cikin abin da zai kashe. Na sha ganin masu waya sun ɗaure komai a layi ɗaya, furesha na hawa har famfo ya mutu, a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Na biyu, wanda ya fi ci mini rai. Makunnin furesha bai san ruwa ba. Boila na iya ƙafewa, ƙarfenta ya yi ja, geji yana nuna lafiya lau. Da yawa daga cikin haɗurran boila da ke hallaka mutane ta wannan hanya suke zuwa. Sani, gilashin ruwanka yana nunawa kuwa, ko ya yi duhu yara na aiki da hasashe? Akwai na'urar da ke yanke wuta idan ruwa ya yi ƙasa? Idan babu, ka sa ta cikin lissafin nan. Ka kuma tara yaranka ka gaya musu da bakinka: duk ranar da suka ga gilashi wayam, kada wanda ya kuskura ya tura ruwan sanyi cikin boila mai zafi. A janye wuta, a ja da baya, a bari ta huce.

Alhaji Sani: Allah ya ƙara girma, Baba. Gilashin na nan amma ya daɗe ba a wanke ba. Na'urar ruwan ban tabbata tana aiki ba, zan sa a duba.

Hajiya Rabi mai fiya wata, Kwangila: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba boila gare ni ba, amma ciwon ɗaya ne. Injin tace ruwana yana da makunni biyu, ɗaya na kashe babban famfo idan ruwan shiga ya yi rauni, ɗaya idan furesha ya yi yawa. Wani mai gyara da aka kira ba na nan, da ya ga injin na yawan tsayawa, sai ya jona wayoyin makunnin wuri ɗaya ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Matatar farko ce ta toshe, makunnin gaskiya yake faɗa. Famfo ya yi ta gudu babu ruwa har ya ƙone. Alhaji, ranar da oda ta yi yawa kuma abin nan ya riƙa yankewa, wallahi akwai wanda zai ce a jona a wuce wurin. Ka sa murfin makunnin a kulle, makulli a aljihunka.

Malam Idi: Hajiya ta taɓo inda yake mana ƙaiƙayi, mu masu sana'ar. Har tsinke na taɓa tararwa an soke a maɓallin riset. Akwai irin da ake ɗaure wa waya da hatimin dalma a kan dunƙulen saiti, duk wanda ya taɓa za a gani.

Aminu, ɗalibin injiniya a ABU: Iyayena, ina da tambaya. Me zai hana a sa firikwensin lantarki, wato na'urar da ke auna furesha ta aika karatu tsakanin miliam 4 zuwa 20, da PLC, ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa inji? An koya mana cewa shi idan waya ta tsinke ko ya mutu ana ganewa nan take, tunda karatun zai faɗi ƙasa da 4.

Injiniya Bashir: Tambaya mai kyau, ƙanena, kuma abin da aka koya maka gaskiya ne. Raunin makunnin sifirin ke nan: idan ya mutu ba ya faɗa. Na tsaro zai iya shekara a manne, kowa na ganinsa a jikin boila yana samun natsuwa, sai ranar da aka neme shi. Manyan matatun mai shi ya sa suka fi karkata ga firikwensin, wani wurin har uku, biyu suka yarda a kashe. Amma ka dubi inda muke. Wuta na zuwa da ƙarfi ta tafi, a koma janareto, ga tsawa da damina, ga wanda zai gyara PLC sai an kira shi daga Kaduna ko Kano. Makunnin sifirin ba ya bukatar wuta kafin ya ji furesha, kuma Malam Idi zai iya gwada shi da mita. Idan Alhaji na da hali ya sa duka biyun, firikwensin ya riƙa tafiyar da aiki, na sifirin ya tsaya a baya da wayarsa daban wadda ba ta bi ta cikin PLC ba.

Maganin shirunsa kuma gwaji ne. A ware rana, mutum biyu, ɗaya ido a kan geji ɗaya hannu a kan babban maɓallin kashe wuta, a sauko da saitin na tsaron a hankali har ya iske furesha da ake kai, a ga ya yanke a daidai abin da geji ke nunawa, a ji jiniya, a mayar da shi, a rubuta a littafi da kwanan wata. Gejin ma sai an gwada shi da wani amintacce.

Musa, Chikaji: Ƙarin bayani ga masu matsar mai da ke zauren. Idan sashenku na amfani da hekzen, sinadarin tatso mai daga iri mai saurin kama wuta, ko kuna wurin ɗura gas, duk waɗannan da aka lissafa ba naku ba ne. Ɗan tartsatsin cikin makunni ya isa ya tayar da gobara. Sai mai kaurin akwati da aka buga wa alamar Ex, wato wanda aka ƙera don wurin da ke iya kama wuta.

Alhaji Sani: Saura inda zan samu. An ce mini akwai na hannu a Panteka.

Injiniya Bashir: Na aiki ka iya lallaɓawa, na tsaro kam sabo, daga dila mai ba da rasit da takardar kaya. Ka aika Kano ko Legas da cikakkiyar lambar samfurin, kada ka ce a kawo maka makunnin boila kawai. Jabu ya yi yawa: ka duba lambar kwali ta dace da ta jiki, rubutun ma'auni ya fita tsaf, girman zaren bakinsa ya dace da bututunka. Idan ya iso ina da famfon gwaji na hannu, mu matsa shi a kan tebur mu ga inda yake yankewa kafin a ɗaura.

Baba Lawal: Cikin tsofaffin nan na hannu akwai masu ƙwalbar zaiba a ciki. Idan ba su zauna daidai ba saitinsu kaucewa yake, kuma zaiba guba ce, ba ta da wurin zama kusa da abincin mutane. Sannan Sani, yaushe rabon sufeton boila na Ma'aikatar Ƙwadago ya duba maka ita? Doka ce, kuma shi zai gwada bawul ɗin tsaro. Bawul ɗin da ya daɗe bai yi tsaki ba ni ban yarda da shi ba.

Alhaji Sani: An kwana biyu, Baba. Gobe zan nemi ofishinsu. Injiniya, turo mini lambobin ta waya in aika Kano yau. Malam Idi, Asabar bayan Azahar ta yi maka?

Malam Idi: Ta yi, in sha Allahu. A tanadi murɗaɗɗen bututu guda biyu na ƙarfe da jiniya, kuma kada a hura wuta kafin mu zo.

Baba Lawal: A biyo ta Wusasa a ɗauke ni. Ina so in ga gilashin ruwan nan da idona.