Bairos ɗin Epstein-Barr da sankarar Burkitt: me ya sa ba kowa ke kamuwa ba?

Ɗalibar likitanci:
Assalamu alaikum, malamaina. An karantar da mu cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na manya a duniya suna ɗauke da bairos ɗin Epstein-Barr, wanda aka gano a 1964 a cikin irin ƙarin da Denis Burkitt ya bayyana a jikin yaran Yuganda a 1958. To me ya sa yara kaɗan ne ke samun wannan sankara, kuma ina alaƙarta da sinadaran saƙo na garkuwar jiki da ake kira saitokin?

Malamin ilimin garkuwar jiki:
Wa alaikumus salam, 'yata. Bairos ɗin shi kaɗai ba ya isa. Yana ɓuya ne a cikin fararen ƙwayoyin jini nau'in B, kuma a jikin mai lafiya ƙwayoyin T, wasu fararen ƙwayoyin jini masu gadin jiki, suna sa masa ido har ƙarshen rayuwa. Dabararsa ita ce yana ƙera wani sinadari mai kama da saitokin IL-10, wanda aikinsa sanyaya ƙwayoyin T, don haka sai masu gadin su yi sako-sako. Amma abin da ke kunna sankarar yana cikin ƙwayoyin gado: MYC, wadda ke umartar ƙwaya ta hayayyafa, tana tsinkewa daga kuromosom (ƙunshin zaren gado) na 8 ta koma, galibi, kuromosom na 14, dab da ƙwayar gadon da ke ƙera sinadaran kariya. Wannan gurbi a ƙwayar B ba ya hutawa, saboda haka MYC ma ba ta sake yin shiru.

Likitar yara:
Malam, a ba ni dama in ƙara batun maleriya, domin shi ne ya fi damuna. Yawan kamuwa da ita yana tilasta wa ƙwayoyin B rabuwa babu ƙaƙƙautawa, yana ƙara sinadarin AID mai yanka zaren gado, sannan yana raunana tsaron ƙwayoyin T. Shi ya sa sankarar ta fi yawa a ƙasashenmu masu sauro. Ƙanwata, idan kika ga yaro da kumburin muƙamuƙi ko ciki mai girma cikin 'yan kwanaki, kada ki tsaya ga maganin haƙori, ki tura shi a ɗebi ɗan naman ƙarin a gwada nan take, domin ciwon yana jin magani idan an fara da wuri.

Ɗalibar likitanci:
Na gode, Allah ya ƙara ilimi. Ashe gidan sauro ma yana da gurbi a wannan darasi. Zan koma in karanta aikin AID da kyau.