Zane a katangar makaranta: me ya dace a zana, kuma wa zai zana?

Malamar Aji Biyar:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata firamare da ke cikin garin Bauchi, kuma ƙungiyar iyaye da malamai ta amince a ƙawata katangar filin wasanmu da zane, bayan shekaru ba ta ɗauke da komai sai fastocin 'yan siyasa. Mai fentin da aka kira ya zo da samfurin tuffa da dusar ƙanƙara, abubuwan da yawancin ɗalibaina ba su san su ba sai a littafi. A ganina, yaron da bai ga komai na gidansu a bango ba zai riƙa ɗaukar makarantar tamkar wurin baƙunta. Wace shawara za ku ba mu?

Baban Sadiya:
Wa alaikumus salam, Malama. Ai ba sai an je nesa ba, domin ga Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti, ga giwayen Yankari da ruwan Wikki, ga kuma hubbaren Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi kansa ya koyar a garin nan kafin ya zama Firayim Minista. Zane ma ba baƙonmu ba ne, tunda har yau akwai zanen dabbobi na mutanen dā a duwatsun Geji da na Shira. Sai dai a tuna cewa ajinki ba Hausawa da Fulani kaɗai ke ciki ba. Idan aka rubuta gaisuwar maraba da harshen Gerawa da Jarawa da Sayawa, kowane yaro zai sami abin nunawa ya ce nasu ne.

Alhaji na Jahun:
Ina jan hankali cewa wasu iyaye ba za su amince da hoton mai rai ba, don haka a tuntuɓe su tun kafin a sayi fenti. Dagi da zayyanar allo da bishiyar kuka ba su da wannan saɓanin.

Mai Fenti:
Ranki ya daɗe, a jira damina ta wuce, a gyara filastar bangon tukuna, kuma a tabbatar fentin ba ya ɗauke da dalma, saboda yara na shafa bango su kai hannu baki. Ƙasan katangar kuwa, daidai tsayinsu, a bar musu su cike shi da kansu. Na lura cewa inda yara suka sa hannu, su ne ke fara hana 'yan uwansu ɓata wurin da gawayi.