Neman shawara: seramaid ɗin da na zuba a man shafawa ya koma tsaki-tsaki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa man shafawa a nan Jos, ga hunturu ya kama, masu saye sai kukan kaushi da ƙaiƙayi suke. Na sayo garin Ceramide NP (seramaid, wani kitse da ke taimaka wa fata riƙe danshi), na zuba bayan haɗin ya huce, kwana biyu ya koma kamar yashi a hannu. Ga tsada kuma. An ce akwai na kwaikwayo, yana aiki kuwa?

Anti mai haɗa kayan kwalliya: Wa alaikumus salam ƙanwata. Lokacin zubawar ne kika kuskure. Garin nan ba ya narkewa a ruwa, a mai ma sai ya sha zafi wajen digiri 90 na Celsius. Tun farko za ki zuba shi cikin man, ki yi ta juyawa har ya yi garau. Ruwan ma ya ɗau zafi kafin ki haɗa su, in ba haka ba nan take zai daskare. Giram 0.2 cikin giram 100 ya isa.

Malam mai ilimin haɗa magani: Hajiya, na kwaikwayon yana aiki. Nemi cetyl-PG hydroxyethyl palmitamide, wanda kamfanin Kao na Japan ke sawa a man shafawarsa Curél, ko hydroxypropyl bispalmitamide MEA na kamfanin Amorepacific. Sun fi sauƙin narkewa, shi ya sa ake iya zuba su da yawa. Sai dai kada ki zuba shi kaɗai. Kitsen da ke riƙe ƙwayoyin saman fata, kamar siminti tsakanin bulo, kusan rabinsa seramaid ne, kwata kolestarol, sauran asid ɗin kitse. A giram 100 gwada seramaid na kwaikwayo 1.5, kolestarol 0.5, stearic acid (asid ɗin kitse) 0.5, gilisarin 4. Ma'aunin pH, wato na tsami, ya tsaya tsakanin 5 da 5.5, ki kuma sa phenoxyethanol, maganin da ke hana haɗin lalacewa, tunda akwai ruwa a ciki, amma kada ya wuce giram 1. Man kaɗanya yana tare danshi, amma ba ya maye gurbin seramaid.

Wata 'yar uwa daga unguwar Rayfield a Jos: Ki kuma tambayi masu kukan nan me suke shafawa da dare. Mai amfani da man bilicin mai clobetasol (wani magani mai ƙarfi na fata), fatarta sirancewa take yi, seramaid ba zai gyara ta ba. Kada ta yanke man bilicin lokaci ɗaya, ta je wajen likitan fata. Sauran kuwa su rage sabulu mai soda da ruwa mai zafi sosai, su shafa man suna fitowa wanka, jiki da sauran danshi.