Na sayi kayan kaitsafin (wasan hawa allo a kan ruwa iska na janka) na hannu, yaya zan haɗa su ba tare da na ji wa kaina ciwo ba?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a harkar nan. Na yi darasi sau uku da malami, na fara iya riƙe kait, wato babbar lemar da iska ke ja, a sama har yana jana a cikin ruwa ba tare da allo ba, sai na samu wani zai sayar da kayansa na saya, kait mai murabba'in mita 12, sandar sarrafa shi da igiyoyinta huɗu, ɗamarar da ake maƙala shi a ƙugu, famfo da allo. Matsalar ita ce duk darasin nan malamin ne ke haɗa komai ni dai sai in zo in karɓi sanda. Jiya na baje kayan a kan yashi na tsaya ina kallon igiyoyi sun cakuɗe ban ma san wacce ke zuwa ina ba, haka na naɗe na koma gida. Nauyina kilo 72. Ta ina ake farawa? Kuma zan iya ɗaga shi ni kaɗai in ba kowa a wajen?

MaiLema:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Da ka naɗe ka koma gida ka yi daidai wallahi. Tambayarka ta ƙarshe zan fara amsawa: a'a, kar ka ɗaga shi kai kaɗai, sam.

Kafin ka zuge jaka ma iska za ka fara dubawa. Wadda ke tafiya a gefe tana bin gaɓa, ko wadda ke zuwa daga ruwa a karkace, su ne naka. In daga tudu take hurawa zuwa cikin teku bar ta, in wani abu ya lalace can ciki za ta yi da kai kuma ba mai dawo da kai. Sai ka dubi inda iskar ta nufa, kar a samu itace, duwatsu, wayar wuta ko mutane a zaune, a ƙalla tsawon igiyarka sau biyu, kuma igiyoyin yawanci mita 20 zuwa 24 ne, ka ga fili ne ba kaɗan ba.

Toh wajen busawa, ka ba iska baya, ka maƙala 'yar igiyar famfo a tsakiyar babban bututun gaba don kar ya tashi ya bar ka. Ka duba bawul ɗin fitar da iska a rufe yake, ba yashi a bakinsa. Yawanci ana rubuta ƙarfin iskar da ake so a jikin kait kusa da bawul, galibi wajen PSI (ma'aunin matsin iska) 6 zuwa 8, bi abin da aka rubuta. Mutane na tsoron fashewa sai su bar shi da laushi, kuma mai laushin nan shi ne ke lanƙwashewa a sama ya ƙi tashi in ya faɗa ruwa. In ka gama ka matse 'yan maƙallan da ke kan ƙananan tiyo masu kai iska haƙarƙarin kait, wato ƙananan bututan da ke fitowa daga babban, ko babban ya huje su za su riƙe iskarsu ya zame maka abin kamawa a ruwa. Sai ka kife shi, bututun gaba a ƙasa yana fuskantar iska, ka ɗora masa yashi sosai.

Igiya kuma a nan ne ake shan wahala. Warware su gaba ɗaya daga sanda, ka ajiye sandar, ka shiga tsakani, biyun tsakiya a tsakanin ƙafafunka, biyun gefe kowacce a wajen ƙafa ɗaya, ka taka a hankali zuwa wajen kait kana tsefe su da yatsu har su rabu kowacce ta kama layinta. Na tsakiya su ne na gaba, suna zuwa ga igiyoyin da ke fitowa daga bututun gaba, su ke ɗauke da nauyinka. Na gefe su ne sitiyari, suna zuwa ƙarshen fukafukai ta baya. Igiyoyin gefe da wuraren ɗaura su a jikin kait yawanci suna da launi, ja da ja, ɗayan launin da ɗan uwansa. Ɗaurin zarge ne ake yi a bayan ɗaya daga cikin ƙulle-ƙullen da ke wurin ɗaurin, ka ja shi da ƙarfi ka tabbatar ya zauna, kuma in ƙulli na biyu ka zaɓa a hagu to na biyun za ka zaɓa a dama. Bayan ka ɗaura, koma wajen sanda ka sake bin su ɗaya bayan ɗaya. Shekarata tara ina yi, har yau sau biyu nake bi.

UmmuRuwa:
Yaya MaiLema ya yi bayani amma akwai wurin da zai iya rikita Sabon_Shiga. In ka shimfiɗa igiya ta gaban kait, wato ɓangaren da iska ke fitowa, ja na hagunka kamar yadda za ka riƙe a sama. In ta bayansa ka shimfiɗa to sai ka kife sandar, ja ya koma dama. Zaɓi guda ɗaya ka riƙa yin ta kullum har ta zauna maka, kar yau wannan gobe waccan.

Ni abin da ya fi damuna ƙanena shi ne ka ce kayan na hannu ne kuma ba ka ambaci abin saki na gaggawa ba ko sau ɗaya. Wannan jan abin da ke saman zoben da kake maƙalawa a ƙugiyar ɗamara, ka taɓa tura shi ka ga ya buɗe? Yashi da gishiri na shiga su cije shi, musamman in mai shi baya wanke shi da ruwan daɗi. Tun a gida ka ɗaura igiyoyin tsakiya a jikin wani abu mai ƙarfi, ka sa ɗamara, ka jingina da nauyinka, ka tura. Ka mayar, ka sake turawa, ka yi ido rufe, ka yi da hagu ka yi da dama har sai hannunka ya san wajen ba tare da ka duba ba, domin ranar da za ka buƙace shi fuskarka na cikin ruwa ko yashi ne, ba lokacin nema. Matakan uku ne a jere: saki sanda tukuna, sau da yawa wannan kaɗai ya isa ƙarfin ya ragu. In bai ragu ba tura abin sakin, kait zai faɗi ya rataya a igiya ɗaya ba ƙarfi. In har yanzu yana janka sai ka saki igiyar tsaro, wato wadda ta rage tana haɗa ɗamararka da kait, ka rabu da shi ɗungurungum, kait ana sayen wani.

Igiyar tsaron nan a gaban ɗamara za ka maƙala ta inda hannu ke kaiwa, ba a baya ba, kuma ɓangaren da ke da abin saki shi ke jikinka. Hular kwano da rigar da ke taimaka maka yin sama a ruwa dole. 'Yar wuƙar yanke igiya ta zauna a aljihun ɗamara. Allo kuma kar ka ɗaure shi da ƙafarka ko ɗamara, in ka faɗi igiyar na miƙewa ta harbo maka shi a ka.

Dan_Gaba:
Bari in ba ka nawa labarin ko zai yi maka amfani. Watana na biyu da farawa ina sauri don iska ta yi kyau, igiyar gefe ɗaya ta bi ta ƙarƙashin ta tsakiya ban lura ba, wanda ya riƙe min kait ɗin kuma wani mai wucewa ne kawai na roƙa, bai san komai a kai ba, ina ɗaukar sanda ya saki. Kait ya fara juyawa yana jana a kan yashi, ni kuma maimakon in saki sai na ƙara ƙanƙame sanda, wanda hakan ƙara masa ƙarfi yake yi. Kafaɗata ta goce, wata biyu ban shiga ruwa ba.

Don haka mai riƙe maka ya zama ɗan wasan ne, ya riƙe ta tsakiyar bututun gaba, kai kuma ka matsa gefe har iska ta zama tana bugun kafaɗarka, kait na can gefen iskar inda ba shi da ƙarfi, in son samu ne ta ɓangaren ruwa. In igiyoyi suka miƙe tsaya ka kalle su da kyau daga sanda har kait, in ka ga wata ta hau wata ka ce ya ajiye. Ba ya saki sai ka ɗaga babban yatsa. Saukewa kuma tafin hannu ake bugawa a kan kai. Yana tashi ka nufi ruwa, kar ka tsaya hira a tudu da kait a saman kanka, guguwa ɗaya sai ta ɗaga ka. Kuma kar ka taɓa naɗa igiya a yatsa ko hannu, siririya ce amma tana ɗaukar ɗaruruwan kilo, in ta miƙe yanka take yi kamar reza.

Sabon_Shiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti UmmuRuwa kin yi gaskiya, yanzu na gwada abin sakin sai da na sa hannu biyu kafin ya buɗe, na jiƙa shi a ruwa yashi sai fita yake. Na kuma ga wani ɗan ƙulli a tsakiyar igiya ɗaya, wannan matsala ce? Sannan hasashen ranar Asabar ya nuna gudun iska not 25 (not ma'aunin gudun iska ne), mita 12 ɗin nawa zai yi?

MaiLema:
Ba zai yi ba. Ƙarfin iska ba ɗaya ɗaya yake ƙaruwa ba, in gudunta ya ninka sau biyu ƙarfinta sau huɗu yake ninkawa, daga not 15 zuwa 25 kusan ninki uku kenan a kan kait ɗaya. Mai nauyinka da ya ƙware wajen mita 8 zai ɗauka a irin wannan ranar, kai kuma da 12 ɗinka jira ranar da take tsakanin 13 zuwa 18 kuma ba ta fizga. Ƙullin nan matsala ce babba, yana iya cinye kusan rabin ƙarfin igiya, jiƙa shi ka lallaɓa ka kwance, in wajen ya yi gashi gashi ko ya sirance canza igiyar tare da 'yar uwarta don tsawonsu ya zo ɗaya. Abin sakin kuma in bayan wanki har yanzu hannu ɗaya baya buɗe shi cikin sauƙi kar ka hau ruwa da wannan sandar.

Asabar ɗin ka ɗauki kayan ka je wajen malaminka, ka ce darasin yau na haɗawa ne kawai, kai za ka yi shi yana kallo, ka haɗa ka kwance sau uku ko huɗu ba tare da an ɗaga ba. Ya auna maka igiyoyin huɗu ma ya ga ko tsawonsu ɗaya, na hannu sukan miƙe.